Kurakuran da masu mota mai ɗaki suka fi yi, daga lodi zuwa gangaren Hawan Kibo

Mota mai ɗaki, wato wadda aka shirya cikinta da gado da madafa da banɗaki domin a yi tafiya a kwana a ciki, ba ta yi yawa a Jos ba tukuna, amma tana shigowa ta hanya biyu. Akwai masu sayo ta a shirye daga Turai ko Amurka, galibi an gina ta a kan Fiat Ducato ko Mercedes Sprinter ko Ford, akwai kuma masu sayen tsohuwar Toyota Coaster ko Hiace su cire kujeru su miƙa wa kafinta da mai walda. Kowace hanya mutum ya bi, yawancin matsalolin da ke biyo baya tushensu ɗaya ne: mai motar yana auna ta da ido, yana tuƙa ta kamar ƙaramar motar da ya saba da ita, alhali masu ƙera ta sun rubuta iyakokinta da lambobi a jikinta.

Tun wajen saye ake fara kuskure. Motocin Ingila suna da araha a hoto, amma sitiyarinsu a dama yake, Nijeriya kuwa ta koma bin hannun dama tun 1972, kuma doka ba ta yarda da irin wannan sitiyari a titunanmu ba. Ko da an juya sitiyarin, ƙofar ɗakin tana nan a ɓangaren hagu, ma'ana iyali za su riƙa sauka a tsakiyar titi. Haka kuma sababbin injinan dizal na Turai suna da matatar hayaƙi a salansa, wasu kuma suna buƙatar ruwan AdBlue mai rage gubar hayaƙi, kuma ba su jure gurɓataccen mai. Wanda bai tabbatar da makanike mai na'urar duba irin wannan inji ba, a nan Jos ko a Apo ta Abuja, gara ya nemi tsohon inji marar rikici wanda kayansa ke samuwa a Dilimi.

Babban kuskure dai shi ne lodi. A jikin ginshiƙin ƙofar direba ko a ƙarƙashin bonet akwai wani ɗan faranti ko takarda. A motocin Turai lambar farko ita ce iyakar nauyin motar da duk abin da ke cikinta, ta biyu iyakar nauyin motar haɗe da abin da take ja, sannan lambobi biyu na ƙasa su ne abin da tayoyin gaba da na baya za su iya ɗauka. A motocin Amurka ana rubuta iyakar farko da haruffan GVWR. Yawancin na Turai kilo 3,500 ne iyakarsu, kuma ɗakin da kayansa sun riga sun cinye mafi yawan wannan nauyi tun daga masana'anta.

A ɗauka, a misali, motar tana da kilo 3,000 babu kowa a ciki. Saura 500. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka tankin lita 100 ya ɗauke 100. Manya biyar za su kai 350 ko fiye. Tukunyar gas mai kilo 12.5 idan tana cike nauyinta ya kai kusan ninki biyu, domin ƙarfen ma yana da nasa. Ba a sa janareta ba, ba a sa akwatunan tufafi ba, balle buhun dankalin Turawa da kwandon tumatir da ba a rasa saya a Farin Gada domin tsaraba, amma lissafi ya riga ya ƙare. Motar da aka yi wa kwaskwarima a gida ta fi shiga wannan hatsari, domin kafintocinmu sun saba da aikin gida inda kauri shi ne inganci, sai su sa katako mai nauyi da tayil a ƙasa da tankin ƙarfe a kan rufi. Gyaran wannan kuskure ba ya buƙatar wayo: a cika mai da ruwa, a ɗora kayan tafiya, kowa ya shiga, a kai motar sikelin manyan motoci, a auna gaba daban, baya daban. Abin da ya haura lambar farantin a sauke shi. Kaya masu nauyi kuma a ajiye su ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya, domin duk abin da aka ɗora a sama yana ƙara wa motar layi a kwana. Ƙara ganyen sifirin, wanda shi ne shawarar da ake saurin bayarwa a gareji, yana ɗaga bayan motar ne kawai ta yi kyan gani, birki da taya kuwa suna nan yadda suke.

Taya ma ana ruɗuwa da ita. Irin wannan mota ta fi zama a ajiye fiye da tafiya, saboda haka zanen tayarta yakan kasance kamar sabo alhali robar ta tsufa, rana ta busar da gefenta ya fara tsattsagewa. A nemi lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT a gefen tayar: idan an ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019. Wadda ta haura shekara biyar tana buƙatar duba na tsanaki, kuma a mota mai wannan nauyi ban ga dalilin riƙe ta ba, balle a sayo ta 'yar gwanjo. A sa taya mai harafin C, wadda aka yi domin motocin kaya, a auna iska da safe kafin a motsa, bisa lambar da ke jikin ƙofa. Bugun taya da sanda ko ƙafa ba awo ba ne.

Wajen jan tirela ko ƙaramar mota a baya kuwa, kuskuren farko shi ne a sa mai walda ya liƙa ƙugiya a jikin bamba ko a ƙarfen da aka ƙara domin tsawaita ɗakin. Wannan ƙarfe an yi shi ne domin ya riƙe katako da gado. Mazaunin ƙugiya dole ya zama wanda aka ƙera domin wannan mota, a ɗaure shi da kusoshi a ainihin casis, kuma yana da nasa faranti mai faɗin nauyin da zai iya ja. Daga nan sai lissafi: a cire ainihin nauyin motar daga lamba ta biyu ta farantin, a kwatanta abin da ya rage da iyakar ƙugiyar, a yi aiki da wanda ya fi ƙanƙanta.

Akwai wani ƙaramin abu da ido ba ya kamawa. Ƙwallon ƙugiyar Turai milimita 50 ne, na Amurka kuwa inci 2 ne, wato milimita 50.8, akwai ma ƙarami mai inci ɗaya da bakwai bisa takwas. A kasuwar kayan gwanjo duk a tuli ɗaya ake zuba su. Bakin tirela mai faɗi yakan zauna a kan ƙaramin ƙwallo kamar ya kama, mutum ya jijjiga da hannu ya gamsu, sai an faɗa rami da gudu ya yi tsalle ya fita. Girman kowanne a rubuce yake a jikinsa, a karanta. Bayan an kulle, a sa jak a ɗaga bakin tirelar kaɗan. Idan bayan motar ya taso tare da shi, ya kama. Sarƙoƙin tsaro guda biyu a gitta su a ƙarƙashin bakin tirelar, ta yadda idan ya kuɓuce zai faɗa a kansu maimakon ya caki kwalta, kuma a bar musu sassaucin da zai isa a sha kwana ba tare da suna jan ƙasa ba. Kafin a tashi, mutum ɗaya ya tsaya a baya ya ga fitilar birki da sigina na hagu da dama suna aiki.

Yadda aka jera kaya a tirela shi ne ke yanke hukunci ko za ta bi motar lafiya ko za ta yi ta wutsiya. Wajen kashi 60 cikin ɗari na nauyin ya kasance gaban tayoyin tirelar. A tsarin Amurka ana so kashi 10 zuwa 15 na nauyin tirelar ya sauka a kan ƙwallon, a na Turai kuwa ya fi haka sauƙi, wajen kashi 5 zuwa 7, amma a kowane hali kada a wuce abin da aka rubuta a ƙugiyar. Wannan nauyi yana shiga lissafin lodin motar, kuma da yake bayan mota mai ɗaki yana da tsawo, abin da ke sauka a kan tayoyin baya ya fi abin da aka ɗora a ƙwallon. Idan tirela ta fara kaɗawa, abin da zuciya ke faɗa wa direba shi ne ya taka birki da ƙarfi ya murɗa sitiyari, kuma wannan shi ne ke kifar da mota. Abin yi shi ne a ɗage ƙafa daga totur, a riƙe sitiyari a miƙe, a bar gudun ya ragu da kansa, sannan a tsaya a gyara lodin. A Turai duk tirelar da ta wuce kilo 750 sai da birkinta, kuma ƙa'ida ce da ta cancanci a riƙe ta a nan, musamman ga wanda ke zaune a kan tudu. Mutum kuma ba ya zama a cikin abin da ake ja, komai kusancin tafiyar.

Jos tana sama da matakin teku da kusan mita 1,200. Injin da ba shi da tobo yana rasa kimanin kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 300, saboda haka motar da ta yi ƙarfi a Legas za ta iso nan da rauni, janaretar ma haka. Wannan ya shafi hawa. Saukar ita ce abin tsoro, kuma duk wanda ya bi hanyar Jos zuwa Akwanga ya san Hawan Kibo da abin da ya sha faruwa a wurin. Kuskuren da ya fi muni shi ne sa mota a firi domin tsimin mai, sai kuma ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama har ƙasa. Birki yana mai da gudu zafi ne, kuma idan zafin ya yi yawa takalmin birkin yakan daina kamawa, ko man birkin ya tafasa feda ta tafi ƙasa babu komai. Sabon man birki na DOT 4 sai ya kai digiri 230 yake tafasa, amma yana shan danshin iska, idan ya tsufa ya sha ruwa iyakarsa takan sauko zuwa wajen 155. Shi ya sa ake sauya shi duk shekara biyu ko da motar ba ta je ko'ina ba. A tsaya kafin gangaren a duba ƙugiya da sarƙa, a sa ƙaramar giya tun kafin motar ta ɗauki gudu, irin giyar da za a hau da ita, a bar inji ya riƙe nauyin. Birki a taka shi sosai na ɗan lokaci a sake, ya samu ya huce. Idan aka ji ƙauri, a nemi wuri mai faɗi a tsaya, a sa weji, a jira, kuma kada a watsa wa birkin ruwa.

Ƙaramar mota mai giyar otomatik ba a jan ta da tayoyi huɗu a ƙasa sai littafinta ya yarda, domin famfon da ke zagaya man giyar inji ne ke juya shi. Idan inji a kashe yake, giyar za ta yi ta juyi a bushe har ta ƙone. A ɗora ta a kan tirela gaba ɗaya. Idan kuwa mota mai ɗakin ce da kanta ta mutu a hanya, kada a yarda a ja ta da igiya. Da zarar inji ya mutu, birki da sitiyari sun yi tauri, kuma babu ƙafar da za ta tsayar da tan uku da rabi a gangare. A kira janwe da ya isa nauyinta, idan otomatik ce mai jan baya a kwance farfela, a sa alamar gargaɗi nesa da motar, a kuma fitar da iyali gefen hanya.

A cikin ɗakin, motar Amurka wutarta bolt 120 ce, tamu kuwa 230, kuma jona ta kai tsaye yana ƙona caja da firji da na'urar sanyaya ɗaki cikin ƙiftawar ido. Sai da tiransifoma mai rage wuta. Batirin ɗaki daban yake da na tayar da inji, kuma irin na ruwa ba ya son a sha fiye da rabinsa kafin a mayar da caji. Firjin da ke aiki da gas yana buƙatar motar ta tsaya daidai, idan ta karkace na tsawon sa'o'i yakan lalace. Bututun gas a gwada shi da ruwan sabulu, a rufe tukunyar kafin a tashi.

Abin da ya fi damuna shi ne sanyin Disamba da Janairu. Mutanen Jos sun saba da kaskon gawayi, kuma a daren hunturu mutum zai ga babu laifi ya shigo da shi, ko ya bar murhun gas a kunne, ko ya ajiye janareta a gindin taga. Ɗakin mota ƙarami ne kuma a toshe yake, iskar da gawayi da janareta ke fitarwa kuwa ba ta da wari ko launi, tana sa mutum barci ne ya wuce daga nan. Janareta a kai ta nesa, salansarta na kallon wani gefe, ramukan shan iska na motar kada a toshe su da tsumma saboda sanyi, kuma a sa na'urar da ke ƙara idan wannan iska ta taru, tare da abin kashe gobara kusa da ƙofa.

Rufi kuwa shi ake mantawa da shi saboda ba a ganinsa. Damina a Jos takan ɗauki daga Afrilu zuwa Oktoba, wani lokaci har da ƙanƙara, kuma bangon yawancin waɗannan motoci katako ne da soso a tsakanin siraran faranti. Danƙon da ke kewaye da tagar sama da kusoshin sola yana bushewa a lokacin hunturu ya tsage, ruwa ya riƙa shiga kaɗan-kaɗan, kafin tabo ya fito a silin katakon ya riga ya ruɓe. A hau rufin a watan Maris, a kankare tsohon danƙon da ya tsage, a goge wurin ya bushe, a sa sabo irin na jikin mota, sannan bayan ruwan farko a shiga ciki a danna kusurwoyin silin da bayan kabad da yatsa, duk inda ya yi laushi a buɗe shi a gyara kafin ruwan Agusta.