Ki Tafi Da Kwalin Maganinki Wajen Tazarar Haihuwa

Salam 'yan uwa mata. In kina shan maganin skizofireniya (wani nau'in ciwon taɓin hankali), ko kina kula da mai sha, duk ranar da za ku je ɗakin tazarar haihuwa ku tafi da kwalin maganin, ko hotonsa a waya.

Ni sai da muka yi sahu biyu da ƙanwata, kuɗin Keke Napep ya tafi a banza, don ba mu san sunayen magungunan ba.

Dalili kuwa, wasu ana haɗa musu da wani magani mai suna carbamazepine, shi kuma yana rage ƙarfin ƙwayar tazara da ashanar hannu, sai ki ga ciki ya shiga kina ganin kin yi kariya. Allurar wata 3 da robar mahaifa ba ya taɓa su.

Risperidone da haloperidol kuma, magungunan ciwon, suna iya ɗauke al'ada. Don Allah kar ki ɗauka hakan ya hana ciki, ki yi gwajin ciki.

Inda dabarar ba ta aiki: in a 'yar leda aka zubo miki ƙwayoyin ba suna. Ki sa mai kemis ko likita ya rubuta miki suna da adadi. Allurar wata-wata ta ciwon ma a rubuta.

In ciki ya shiga, kar ki yanke magani da kanki, ciwon na iya dawowa da ƙarfi. Ki ga likitanki cikin satin nan, musamman in akwai sodium valproate a cikin magungunanki, yana illa ga jariri.