Yadda ɗalibin noma zai samu gurbin horo wajen malaman gona, da ɗan abin sawa a aljihu

Duk shekara, da an yi ruwan fari, sai ɗalibai su fara sallama a ofishinmu da takardar SIWES, wato shirin tura ɗalibai koyon aiki a ma'aikatu, a hannu, suna neman wurin horon aiki. Yawancinsu a makare suke zuwa. Ni ma haka na yi ina aji huɗu a tsangayar noma, sai da wani maigidana ya sa baki aka cusa ni.

Ka fara nema tun Fabrairu ko Maris. Damina ce kasuwar malamin gona, amma tun da rani ake tsara gonakin gwaji, a ware kuɗinsu, a san wa zai riƙe wane ƙauye. Wanda ya zo a Yuni zai tarar an yi shuka, an raba babura, sai kujerar ofis ta rage masa.

Wuraren kuwa suna nan. Akwai hukumomin bunƙasa noma na jihohi, irin su KNARDA a Kano, JARDA a Jigawa da KTARDA a Katsina, waɗanda tushensu shi ne shirin da aka soma a Funtua, Gusau da Gombe a 1975 da tallafin Bankin Duniya. A Samaru ta Zariya akwai NAERLS, wadda wayar da kan manoma shi ne aikinta, ga kuma IAR, cibiyar binciken noma mai fitar da irin masara na SAMMAZ da waken SAMPEA. IITA, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, tana da tasha a Kano. Ƙungiyar Sasakawa tana aiki da manoma a Najeriya tun 1992. Sai kamfanonin iri, masu buƙatar matasa su zagaya gonakin manoman da ke noma musu iri.

Ka je da ƙafarka, da takardar makaranta da rubutacciyar buƙata shafi ɗaya. Faɗi yarukan da kake ji da amfanin gonar da ka taɓa nomawa. In ka iya babur, rubuta shi a sama, ya fi makin jarrabawarka tasiri. Sannan ka roƙi a tura ka shiyya, kusa da ƙauyuka, kada a bar ka hedkwata kana buga takardu.

Maganar kuɗi, kada kunya ta hana ka yin ta. Asusun horar da ma'aikata na gwamnatin tarayya, wato ITF, wanda ya ɓullo da SIWES a 1973, yana biyan ɗalibai alawus, amma sai bayan an kammala an miƙa takardu, don haka kada ka ɗora tukunyarka a kansa. Abin da zai riƙe ka shi ne na wurin da ya ɗauke ka. Tambaye su ƙarara: akwai kuɗin wata? Wa zai zuba man babur? Ina zan kwana? Ayyukan ƙungiyoyi da kamfanoni sun fi sakin hannu, musamman in akwai aikin ɗaukar bayanan manoma da waya. Duk abin da aka ce, a sa shi cikin takardar ɗauka. Na taɓa yarda da "kar ka damu, za mu duba ka", na ƙare wata uku ina cin bashin garin kwaki a shagon ƙauye.

Ranar da ka sauka ƙauye, kada ka zarce gona. Gaida mai gari, a kai ka wajen sarkin noma, ka zauna ka sha furar da aka ba ka. A taron farko da na yi, na miƙe da littafi ina cewa tsakanin kunya da kunya santimita 75, tsakanin rami da rami 25, ƙwaya ɗaya a rami. Shiru. Can wani dattijo ya ce, "Malam ƙarami, shi santimitan nan a wace kasuwa ake sayar da shi?" Aka kwashe da dariya. Na ce, "Baba, ku gafarce ni, gobe zan kawo shi." Da dare na yanki kara biyu, dogo da gajere, na ɗaure igiya da ƙulli-ƙulli, na tsinto marfin kwalbar lemo na awon taki. Washegari shi dattijon ne ya riƙe bakin igiya. Shi ne kuma ya nuna mini gefen gonar da wuta-wuta ta addaba, abin da ba na gani tunda ba ta fito ba tukuna. Da na dasa gwajin a nan, da na sha kunya gaban gari.

Ka riƙa leƙa tsakiyar ganyen masara da sassafe, don tsutsar nan da ta shigo ƙasar a 2016 a can take ɓuya, kuma manomi zai tambaye ka maganinta. In ba ka sani ba, ka ce za ka tambayo, ka kuma dawo da amsar.

Ɗalibai mata, ku kuna da abin da mu ba mu da shi: kuna shiga cikin gidaje. Koyar da ajiyar wake a buhun PICS mai ruɓi uku ba tare da magani ba, ko yin awara da waken suya, aiki ne da ake neman mai yi. Ku ambace shi a takardarku.

Littafin horo kuwa, cika shi kullum da yamma, da sunan ƙauye da abin da aka yi, mai kula da kai ya sa hannu duk mako. Kafin ka tafi, karɓi takardar shaida mai hatimi, ka kuma bar lambar wayarka wajen shugaban shiyya. Ni ta nan aka kira ni aikin rani a fadama bayan na gama bautar ƙasa.