Baƙin ƙarfe da gansakukar Tekun Antatika: wuraren da ake yawan yin tuntuɓe

A 1988, John Martin, masanin teku daga cibiyar bincike ta Moss Landing a Kalifoniya, ya faɗa wa taron masana a cibiyar binciken teku ta Woods Hole a Amurka cewa a ba shi rabin jirgin dakon kaya na baƙin ƙarfe, shi kuwa zai dawo wa duniya da zamanin ƙanƙara, lokacin da ƙanƙara ta lulluɓe babban yanki na duniya. Nufinsa, in an zuba ƙarfen a teku tsirrai za su yawaita, su zuƙe iskar kabon mai ɗumama duniya, su nutse da ita. Cikin raha ya faɗa, amma maganar ta fi binciken nasa yawo. Yau duk wanda ya tashi bayanin yadda ƙarfe ke ciyar da filankton, wato ƙananan tsirran nan masu kama da gansakuka da ke shawagi a saman teku, sai ka ji ya ɗauko ta ya yi gini a kai. Daga nan ne yawancin kurakuran ke tsirowa. Ko ɗalibi ne kai, ko malami, ko mai haɗa shirin kimiyya a rediyo, ga inda ƙafa ke yawan zamewa.

Na farko shi ne ɗora wa sanyi laifi. Mutum ya ji an ce Tekun Kudu, wanda ya kewaye Antatika, tsiro bai cika yawa a cikinsa ba, sai ya ce ai dole, wa zai tsiro a ƙanƙara? Alhali tsirran can sun saba da sanyinsu. Abin mamakin shi ne ruwan cike yake da naitiret da fosfet, sinadaran nan biyu da manomi ke biyan kuɗi ya saya a buhun taki, kuma har bazarar can ta wuce ba a cinye su. Ga tuwo ga miya, amma ba a ci. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ƙarfe, wanda tsiro ke buƙata wajen sarrafa hasken rana da kuma amfani da naitiret ɗin kansa. A wurare da yawa, in ka tace ruwan saman da zai cika ramin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa kowanne kilomita ɗaya ne, narkakken ƙarfen da za ka samu bai wuce 'yan kiloli ba. Ƙofar gida ɗaya ta ƙarfe ta fi shi nauyi. Gyaran shi ne ka ambaci ƙarfe da haske tare, domin a hunturun can rana kan yi ƙaranci, iska kuma kan juya ruwa ta kai tsirran ƙasa inda duhu yake.

Kuskure na biyu ya fi wannan zurfi, kuma su kansu masana sun shafe shekaru a cikinsa. Tun a shekarun 1930 wasu, irin su Haaken Gran ɗan ƙasar Norwe, suka yi zargin ƙarfe ne matsalar. Amma duk lokacin da aka auna ruwan sai a ga ƙarfe da yawa. Ashe ba na teku ake aunawa ba. Jirgin ƙarfe ne, wayar da aka zura kwalba da ita ta ƙarfe ce, ga tsatsa, ga hayaƙin inji, ga ƙurar rigar mai ɗiban. Ɓurɓushin tsatsa ɗaya da ido ba ya gani ya isa ya ɓata awon gaba ɗaya. Sai da aka canza hanya kaf. Yanzu kwalaben roba ake jiƙawa cikin asid na kwanaki ko makonni, a zura su da igiyar da ba ta da ƙarfe, a ɗauke su zuwa wani ɗaki na leda a cikin jirgi inda ake tace iskar da ke shiga. Mai aikin yana sanye da farar riga har kai, da safar hannu, ko zobe ba ya sakawa. Da irin wannan tsafta ne Martin ya ɗebi ruwa a Tekun Alaska, ya ɗiga ɗan ƙarfe a wasu kwalabe ya bar wasu, cikin kwanaki waɗanda aka ɗiga wa suka cika da tsiro, naitiret ɗinsu ya ragu. Don haka in ka ci karo da adadin ƙarfen teku a tsohon littafin da aka buga kafin ƙarshen shekarun 1970, ajiye shi gefe.

Daga nan sai ruɗanin da na fi gani: ɗaukar cewa duk ƙarfen da ya faɗa teku abinci ne. Duba tsohuwar ƙusa da ta kwana a bokitin ruwa. Jan abin da ya kwanta a gindin bokitin ƙarfe ne, amma bai narke ba. Haka yake a teku. Ruwan gishiri mai iskar oksijin yana saurin mayar da ƙarfe tsatsa, ya manne wa ɓurɓushi ya nutse. Abin da ke riƙe shi a sama wasu ƙwayoyin sinadarai ne da halittun ruwa ke fitarwa, har da na bakteriya, waɗanda ke goya shi su hana shi faɗuwa. Sama da kashi 99 cikin 100 na narkakken ƙarfen teku a goye yake haka. Saboda haka in an ce maka tan kaza na ƙura ya zuba, tambayi nawa ya narke, nawa kuma tsirran suka iya kamawa.

Ƙurar ma akwai gyara a kanta, kuma wannan ya shafe mu. Hazon da ke rufe Kano da Damagaram a lokacin hunturu, wanda babban tushensa kwarin Bodele ne a arewacin Cadi, ƙarfe ne a cikinsa, kuma yana ciyar da Tekun Atilantika har ya tsallaka zuwa Kudancin Amurka. Amma ba shi ke ciyar da Antatika ba. Hasali ma nisan da Tekun Kudu ya yi da manyan hamadu shi ne silar yunwarsa. Ɗan abin da yake samu daga Patagoniya ta Ajantina yake zuwa, da Ostireliya, da kudancin Afirka. Kuma ƙura ba ita ce babbar hanya ba. Ana samun ƙarfe daga lakar gindin teku a kewayen tsibirai, shi ya sa hoton tauraron ɗan'adam ke nuna kore shar a bayan Kergelen da Kurozet da Jojiya ta Kudu kowace shekara, ana kewaye da ruwa shuɗi fayau. Ana samu daga tsaunukan ƙanƙara masu yawo, da suka kankaro dutse tun suna kan tudu. Ana samu daga ƙanƙarar da ke rufe teku, wadda ke tara shi a hunturu ta sake shi in ta narke. Akwai maɓuɓɓugan ruwan zafi a ƙarƙashin teku. Har hayaƙin gobarar dajin Ostireliya ta 2019 zuwa 2020 ya haddasa tsiro mai yawa a can. Amma a faɗin tekun, hanyar da ta fi muhimmanci ita ce wadda ba ta da hoto mai kyau: guguwar hunturu da ke juya ruwa ta ɗebo ƙarfe daga ƙasa zuwa sama.

To wannan ɗan jarin na hunturu yaya yake kai su ƙarshen bazara? A nan ne masu bayani suka fi yin tsallake. Juya shi ake yi, kamar kuɗin adashe. Tsiro ya kama ƙarfe, ƙaramar dabba ta cinye tsiron, ta yi kashi, bakteriya su warware kashin, ƙarfen ya koma ruwa, wani tsiron ya kama. Ƙwayoyin bairos ma suna fasa tsirran su zubar da abin cikinsu. A wuraren da ƙarfe ya yi ƙaranci sosai, mafi yawan wanda tsirran ke amfani da shi wanda ya riga ya zagayo ne. Kiril, ɗan jatan landen nan na Antatika, yana cikin masu juyawar, haka ma manyan dabbobin wel da ke cin sa su yi kashi a saman ruwa. Kashin nasu yana da ƙarfe ninkin na ruwan teku sau miliyoyi. Sai dai a kula, wel ba ya kawo sabon ƙarfe daga waje, tsare wanda ke nan yake yi a sama. An kashe kimanin miliyan biyu daga cikinsu a kudancin duniya a ƙarni na 20, kuma har yanzu ana lissafin abin da hakan ya yi wa wannan zagaye.

Kada kuma a haɗa kudu da arewa a kwano ɗaya. Tekun Aktik, na can ƙuryar arewacin duniya, kewaye yake da ƙasa, koguna irin su Ob da Yenisei da Lena da Makenzi suna zuba masa laka, ga faffaɗan gefe mara zurfi. Can naitiret ne ya fi yankewa. Ƙarancin ƙarfe a arewa sai ka sauko arewacin Fasifik, ko kudu da Aisland a ƙarshen bazara. Lokacin da dutsen Kasatochi da ke Alaska ya yi aman wuta a Agustan 2008, tokarsa ta sa Tekun Alaska ya yi kore.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne ɗauka cewa in teku ya yi kore, an binne iskar kabon ke nan. Martin ya rasu a 1993, 'yan watanni kafin gwajin farko na zuba ƙarfe a teku, kusa da tsibiran Galapagos. A 1999 aka yi na farko a Tekun Kudu, kudu da Ostireliya. Abin da ake zubawa ferus salfet ne, irin sinadarin da ke cikin ƙwayar ƙarin jini da ake ba masu ciki a wajen awo. Ana narka shi a tanki, a sake shi ta bayan jirgi farfela ta gauraya. Kusan kowane gwaji ya yi kore. Amma dubi waɗannan biyu, duka da jirgin Jamus Polarstern. A 2004, a gwajin EIFEX, dayatom ne suka tsiro, tsirrai masu ɓawon silika kamar gilashi, masu nauyi, kuma aƙalla rabinsu sun nutse ƙasa da mita 1,000. A 2009, a gwajin LOHAFEX na Indiya da Jamus, an zuba a fili mai murabba'in kilomita 300, amma ruwan ba shi da isasshen silika. Sai tsirrai marasa ɓawo suka fito, ƙananan dabbobi suka cinye su, kabon kaɗan ne ya nutse. Ƙarfen iri ɗaya ne, ruwan ne ya bambanta. A wasu sassan, kamar mashigin Direk da ke tsakanin Kudancin Amurka da Antatika, an gano manganis, wani sinadarin da tsiro ke buƙata, shi ma yana yankewa.

Shi kansa zancen zamanin ƙanƙara yana son a rage masa gishiri. Gaskiya ne ƙanƙarar da aka haƙo a tashar bincike ta Bostok da ke Antatika ta nuna ƙura ta yi yawa a lokacin da kabon na iska ya sauka zuwa wajen 180 cikin miliyan, daga wajen 280. Amma lissafin masana ya ba ƙarfe wani kaso ne na wannan giɓi, bai kai rabi ba. Sauran ya shafi yadda ruwan teku ke juyawa da yadda ƙanƙara ke rufe shi.

In kuwa ka karanta cewa kowa na iya ɗaukar jirgi ya je ya zuba, wannan ma a gyara. A 2012 an zuba kimanin tan 100 a teku, yamma da tsibiran Haida Gwaii na Kanada, da nufin ƙara yawan kifin salmon, abin ya jawo surutu a duniya. A 2013 ƙasashen da ke cikin Yarjejeniyar Landan kan zubar da shara a teku suka amince da gyaran da ya taƙaita irin wannan aiki ga binciken kimiyya na gaskiya, wanda aka tantance aka ba shi izini.