Yadda na kawar da ƙugin wayar gida a cikin motar RV

Wayar gidanmu irin mai ɗan akwati ce da ake sa wa sim, a jona kan waya a bayanta. Mun tafi da ita jihar Arizona ta Amurka a motar RV, wato motar da ake kwana a cikinta, don kada tsofaffinmu su rasa mu a lambar da suka saba. A sansanin da ake jona mota da wutar volt 120 lafiya lau take. Da mun tsaya a daji sai ƙugi ya cika layin, wani lokaci akwatin ya mutu ya sake tashi.

Na canza igiyar kan wayar, na matsar da akwatin bakin taga saboda sabis. Duk a banza.

Ashe inbata ce, wato na'urar da ke juya wutar batirin mota ta koma irin ta gida, wadda muke jona cajar akwatin da ita a daji. Tamu mai araha ce, wutarta ba ta fita sumul kamar ta gida, cajar akwatin kuma ba ta jure mata. Sai na cire inbatar daga lissafi gaba ɗaya. Na duba jikin cajar: volt 12, amp 1, fozitif a tsakiyar filogi. Ku duba naku da kyau, wasu volt 5 ne. Ban jona kai tsaye da batirin motar ba, domin yana haura volt 14 idan yana caji. Na sayi ƙaramin regileta mai tsayar da wuta a 12, na sa fiyus na amp 2 a wayar fozitif kafin shi, na gwada da mita, sannan na jona akwatin.

Alhamdu lillahi, ƙugi ya ɗauke, na gode wa makanikin da ya ara mini mita. Abu ɗaya mai muhimmanci: idan kun kira 911, lambar neman agajin gaggawa a Amurka, a hanya, ku faɗi inda kuke da bakinku, kada a nufi adireshin gida.