Yadda Ake Ƙara Wa Tsohuwar Tarakta Famfon Haidurolik Mai Aiki Ko An Taka Kuloci

A tsofaffin taraktoci irin su Ferguson TE20 da aka ƙera daga 1946 zuwa 1956, da Ford 8N ta 1947 zuwa 1952, famfon haidurolik yana cikin giyabos ne, kuma shaf ɗin PTO, wato shaf ɗin da ke fita ta bayan tarakta yana juya kayan aiki, shi ke juya shi. Da zarar ka taka kuloci, famfon ya tsaya. Shi ya sa idan garma ta kafe a ƙarshen kunya ba za ka iya ɗaga ta ba sai ka cire giya, ka saki kuloci, ta ɗagu, sannan ka sake sa giya. Maganin abin shi ne ƙara famfo na biyu wanda injin zai riƙa juyawa kai tsaye.

Fara da lissafi kafin sayen komai. Famfo mai haƙora ake sawa, kuma girmansa ana faɗinsa ne da yawan man da yake turawa a juyi ɗaya, a ma'aunin cc (cc 1000 lita ɗaya ke nan). Ninka wannan adadi da yawan juyin injin a minti, ka raba da 1000, ka sami lita a minti. Famfon cc 11 a juyi 2000 zai ba da lita 22 a takarda, wajen 20 a zahiri. Ƙarfin da zai ci kuwa, ninka matsin man (da bar ake auna shi) da litocin, ka raba da 600: bar 140 a lita 20 ya kama kilowat 4.7, wato ƙarfin doki shida da ɗoriya. Injin da bai kai doki 30 ba zai ji wannan a jikinsa. Don haka kwaɗayin babban famfo ba shi da amfani, lita 20 zuwa 30 sun ishi cokalin loda ko tirela mai juye kaya.

Wurin da ya fi dacewa da famfon shi ne gaban injin, a ƙarƙashin lagireto. Ana ɗaura wani ƙarfe a fulin karanshaf, a zura siririn shaf ta ramin da ake sa hannun tayar da inji, ya fito gaba ya haɗu da famfon. Wasu na juya shi da bel, amma bel ɗaya yana sulɓewa idan nauyi ya hau, kuma jan da yake yi gefe guda yana cinye bushin famfon sai in an sa masa boris na tallafi.

A nan ne mafi yawan aikin ke lalacewa. Biraket ɗin famfon ya zama na ƙarfe mai kauri, milimita 10 ko fiye, kuma a jikin tarakta za a ɗaure shi, ba a jikin gatarin gaba mai lilo ba. Shaf da famfo su kalli juna ɗoɗar, a haɗa su da mahaɗi mai roba ko mai sarƙa, a bar tazarar milimita biyu zuwa uku don kada shaf ya riƙa tokarar famfon. Idan bushin gatarin gaba ya cinye, canja shi tukuna, in ba haka ba zai riƙa gogar shaf ɗin har ya karye. Sannan duba ɓangaren da famfon ke juyawa. Akwai na dama, akwai na hagu, kuma tunda fuskantar injin zai yi, lissafin yana rikita mutane. Wanda aka juya a baibai yakan fasa sil ɗinsa nan take.

Tanki ya ɗauki aƙalla man da famfon ke turawa a minti ɗaya, da sarari a sama da kuma murfi mai shaƙar iska. Ya kasance sama da famfon. Tiyon tsotso inci ɗaya, gajere, mai waya a ciki don kada ya shafe. Na matsi rabin inci. Na dawowa kashi uku cikin huɗu na inci, ya bi ta filta mai micron 10 zuwa 25, ya zuba ƙarƙashin man ba a samansa ba. Man haidurolik mai lambar kauri ISO 46 ya wadatar, ko 68 inda zafi ya yi yawa.

Bawul ɗin sarrafawa dole ya zama irin wanda ke barin mai ya wuce zuwa tanki idan ba a taɓa liba ba. Kuma kada a sa komai da zai iya toshe hanya tsakanin famfo da bawul ɗin rage matsi, musamman mahaɗin nan na cire-da-sauri. Famfo mai haƙora ba ya tsayawa don hanya ta toshe, sai dai tiyo ya fashe ko jikinsa ya tsage.

Mai son sabon famfon ya ɗaga hannayen baya da ake maƙala garma fa? Yana yiwuwa, amma man sai ya fito daga giyabos ya koma can, matsin kuma kada ya wuce na asali, wanda a 8N bai kai bar 120 ba. Tsarin Ferguson yana sarrafa mai ne ta bakin tsotson tsohon famfo, don haka idan ka tura mai ta bawul na waje, garma ta daina daidaita zurfinta da kanta. Ga mai yawan huɗa, wannan asara ce da ya kamata ya auna.

Wajen gwaji, cika famfon da mai, sassauta bawul ɗin rage matsi, ka tayar da injin a sulo. Motsa silinda sau da yawa ba kaya har iska ta fita, ƙara mai, sannan ka sa geji ka ɗaga matsin a hankali. Kukan famfo ko kumfa a tanki alama ce ta iska na shiga ta tiyon tsotso, ko ragar tsotson ta toshe. Idan zafin man ya haura digiri 80 na Celsius, yawanci bawul ɗin rage matsi ne ke buɗewa kullum, ko tiyo ya yi ƙanƙanta. Yoyo kuwa da kwali ake nemansa, ba da hannu ba, domin mai a wannan matsi yana huda fata, kuma raunin na buƙatar tiyata cikin gaggawa. Kafin ka kwance kowane tiyo, sauke kaya ƙasa, kashe inji, ka kaɗa liba gaba da baya.