Yadda Ake Shiryawa da Murmurewa Daga Tiyatar Sanya wa Kan Ƙashin Cinya Hular Ƙarfe

Kan ƙashin cinya dunƙulalle ne kamar ƙwallo, yana juyawa a cikin wani kwarmi da ke jikin ƙashin ƙugu, kuma guringuntsi ne ke hana ƙasusuwan biyu gogar juna. Idan amosanin gaɓɓai ya cinye guringuntsin, sai ciwo ya zauna a matsematsi, mutum ya fara ɗingishi, har ta kai ga sanya safa ko yanke farcen ƙafa ya gagare shi. Aikin da aka fi yi a irin wannan hali shi ne canjin gaɓa ɗungurungum, wanda likitan Ingila John Charnley ya inganta a farkon shekarun 1960: a yanke kan ƙashin baki ɗaya, a soka doguwar sandar ƙarfe a cikin ramin ɓargo. Aikin da muke magana a kansa ya bambanta da wannan, domin ba a yanke kan ƙashin. Sassaƙe samansa ake yi, a kifa masa hular ƙarfe, sannan a dasa wani ƙoƙon ƙarfe a cikin kwarmin. Samfurin hula da ƙoƙon da ya fi shahara shi ne BHR (Birmingham Hip Resurfacing), wanda likita Derek McMinn ya ƙirƙiro a Birmingham, aka fara amfani da shi a 1997, Amurka kuma ta amince da shi a 2006.

Mataki na farko, wanda a ganina ya fi sauran nauyi, shi ne ka tabbatar kana cikin waɗanda aikin ya dace da su. Wanda ya fi cin moriyarsa shi ne namiji mai girman jiki da ƙarfin ƙashi, wanda bai haura shekara 60 zuwa 65 ba, kuma amosanin gaɓɓai ne ya lalata masa ƙugu. Dalilin yana cikin yadda kayan suke aiki. Hular da ƙoƙon duk an ƙera su ne da gaurayen ƙarfen kobalt da kuromiyam, kuma idan suna gogar juna suna sakin ɓurɓushi ƙanana da ke shiga nama da jini. Babbar hula tana samun wadataccen ruwan gaɓa tsakaninta da ƙoƙon, don haka ba ta cinyewa da sauri, ƙarama kuwa ta fi saurin zaizayewa. Saboda haka ne a 2015 kamfanin da ke yin BHR ya daina bayar da shi ga mata, waɗanda galibi ƙaramar hula ce ke dacewa da su, ya kuma janye hulunan da faɗinsu bai wuce milimita 46 ba. Mai ciwon ƙoda ma ba a yi masa, domin ƙoda ce ke tace ƙarfen daga jini, haka nan mai raunin ƙashi da wanda jikinsa ba ya son ƙarfe.

Akwai wani rukuni da ya kamata in tsaya a kansa, wato masu sikila. Yawancin matasan da ƙugunsu ke lalacewa a cikinsu, jini ne ya daina isa kan ƙashin har wani sashe nasa ya mutu. Saurayi ɗan shekara 25 idan ya ji cewa akwai aikin da ke barin ƙashi a wurinsa, dole ransa ya biya, amma hula tana buƙatar lafiyayyen ƙashi da za ta zauna a kai, kuma idan mataccen wurin yana da faɗi ba za ta riƙe ba. A irin wannan hali canjin gaɓa gaba ɗaya ya fi aminci, kuma likitan da ya gaya maka haka gaskiya ya gaya maka.

Mataki na biyu shi ne zaɓen likita. Ka fara da ganin likitan ƙashi a inda kake, kamar Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, a ɗauki hoton ƙugun a tantance ciwon. Wannan tiyata ta fi canjin gaɓa wuyar yi, kuma idan ƙoƙon ya karkace kaɗan daga kusurwar da ta dace, gefensa zai riƙa cin hular. Saboda haka kada ka ji nauyin tambayar likitan sau nawa yake yin irin wannan aiki a shekara, wane samfuri zai sanya maka, da kuma girman hular da ya auna maka. Idan a wata ƙasa za a yi aikin, ka tanadi likitan da zai ci gaba da duba ka a gida tun kafin ka hau jirgi.

Daga nan sai gyaran jiki da na gida. A daina shan taba, a daidaita sukari da hawan jini, a kuma magance ruɓaɓɓen haƙori ko wani miki, domin ƙwayoyin cuta kan bi jini su maƙale a jikin ƙarfe. Ka faɗa wa likita duk maganin da kake sha, har da na gargajiya. A gida kuwa, a samo kujera mai tsayi mai hannu, a ɗaga katifa daga ƙasa zuwa kan gado, a nannaɗe tabarmi da dardumar da ka iya harɗe sanda. Wanda masai na tsuguno ne a gidansa ya nemi kujerar bayan gida, domin tsuguno zai haramta gare shi na wani lokaci.

Aikin kansa yakan ɗauki awa ɗaya da rabi zuwa uku, da allurar ƙashin baya ko ta barci. A ranar ko washegari ma'aikacin gashin ƙashi zai tsayar da kai da sanduna, kuma galibi ana sallama cikin kwana ɗaya zuwa huɗu.

Makonni shidan farko su ne lokacin da ake kiyaye doka sosai. Idan ta baya aka yanka, kamar yadda aka fi yi, za a hana ka lanƙwasa ƙugu har gwiwa ta fi shi tsayi, da harɗe ƙafafu, da juya ƙafa ciki. Ka kwanta rigingine da matashi tsakanin cinyoyi. A wajen hawa bene lafiyayyar ƙafa ce ke gaba, a wajen sauka kuma sanduna da ƙafar da aka yi wa aiki. Salla ma a kan kujera za ka yi ta da nuni, kuma shari'a ta yi wa majiyyaci wannan rangwame; sujada da zaman tahiya sai likita ya ba da izini, kuma idan lokacin ya zo a koma musu sannu a hankali. Ana cire ɗinki bayan kwana 10 zuwa 14, maganin hana daskarewar jini kuma ana shan sa har kusan wata guda. Idan sha-raɓa ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi wuya, ko zazzaɓi ya zo tare da mugunya a bakin ɗinki, a tafi asibiti a ranar.

Haɗarin da ya keɓanta da wannan aiki shi ne karyewar wuyan ƙashin cinya, wato siririn wurin da ke ƙasan hular, kuma ya fi aukuwa a watannin farko. Abin da ke yaudarar mutane shi ne ciwon da suka yi shekaru suna fama da shi yakan ɗauke da wuri, sai mutum ya yar da sanda a mako na uku, ya hau babur, ko ya ɗauki buhu. Ƙashin kuwa bai gama warkewa ba. Tafiya a ƙasa mai laushi da keken motsa jiki su ne abin yi, tuƙin mota kuma sai wajen mako na shida. Gudu da tsalle da ƙwallo su jira wata shida zuwa shekara, gwargwadon abin da likita ya gani a hoto. Ciwo mai tsanani da ya zo farat ɗaya a matsematsi har ƙafa ta kasa ɗaukar nauyi alama ce ta karaya, kuma wannan aikin asibiti ne, kada a kai shi wurin mai ɗori.

Ga wanda aikin ya dace da shi, sakamakon yana da kyau ƙwarai. Alƙaluman rajistar gaɓɓai na Birtaniya da Ostareliya sun nuna cewa a cikin maza masu amosanin gaɓɓai da aka sanya wa BHR, fiye da kashi 90 cikin 100 ba su buƙaci sake aiki ba bayan shekara 10. Gocewar gaɓa ba ta cika faruwa ba saboda girman hular ya yi kusa da na kan ƙashi na asali. Ɗan wasan tanis Andy Murray an yi masa aikin a Janairun 2019, ya kuma lashe gasar Antwerp a Oktoban wannan shekara, ko da yake kulawar da irinsa ke samu ba kowa ke da ita ba. Idan kuma hular ta gaza bayan shekaru, ƙashin cinya yana nan, ana iya mayar da aikin canjin gaɓa gaba ɗaya.

Mataki na ƙarshe ba ya ƙarewa, shi ne bibiya. A 2010 an janye wani samfurin hular ƙarfe mai suna ASR daga kasuwa bayan da aka ga yana lalacewa da wuri fiye da kima, kuma wannan ya sa aka tsaurara sa ido a kan duk masu ɗauke da ƙarfe mai gogar ƙarfe. Ɓurɓushin kan iya tara ruwa ko ƙullutu a kewayen gaɓar ya ci nama, wani lokacin ma ba tare da ciwo ba. Don haka ana auna kobalt da kuromiyam a cikin jini, kuma hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta sanya kashi 7 cikin biliyan a matsayin iyakar da idan an haura ta sai a zurfafa bincike da hoton MRI na musamman. Sabon ciwo, ko kumburi a matsematsi, ko ƙara daga cikin gaɓar, ko raguwar ji da gani, duk dalilai ne na komawa wurin likita ba tare da jiran ranar da aka ba ka ba. Kafin a sallame ka, ka karɓi takardar da ke ɗauke da sunan samfurin da girman hular da ranar aikin, ka ɗauki hotonta a waya, ka kuma riƙa tafiya da ita duk lokacin da za ka ga sabon likita ko za ka ratsa na'urar bincike a filin jirgi.