Tseren Injin Yankan Ciyawa: Inda Sabbin Shiga Suka Fi Yin Kuskure

A shekarar 1973, a ƙauyen Wisborough Green da ke yankin Sussex ta Yamma a Ingila, wani ɗan ƙasar Ailan mai suna Jim Gavin da abokansa suna zaune suna kukan yadda tseren mota ya zama wasan masu kuɗi. Sai suka hango mai kula da filin wasan ƙauyen yana aske ciyawa da injinsa. Nan suka ce bari su yi tsere da irin wannan inji. Daga wannan zaman aka haifi BLMRA, ƙungiyar tseren injin yankan ciyawa ta Birtaniya, wadda har yau take kan sharuɗɗanta: ba kyautar kuɗi, ba kamfani mai ɗaukar nauyi, kuma dole a cire wuƙar yankan kafin a shiga fili. Amurkawa sun kafa tasu, USLMRA, ran 1 ga Afrilu 1992, ko da yake garin Twelve Mile na jihar Indiyana yana irin wannan tsere tun 1963.

Abin kamar wasan yara, amma injin da aka gyara da kyau yakan kai kilomita 80 a awa, kan fili mai gargada, ba shokoba, ba rufi. To nan matsalar take. Kamfanin da ya ƙera shi ya yi shi ne don tafiyar da ba ta wuce sassarfar mutum ba, kuma burkinsa da sitiyarinsa da tayoyinsa duk a kan wannan ma'auni aka yi su. Kusan kowane kuskure da za ka gani a ƙasa, daga mantawa da wannan ya samo asali.

Sayen injin kafin karanta doka

Mutum ya ga injin araha, ya saya, ya kashe wata uku yana walda, ranar tsere masu duba injuna su ce masa ba shi da rukunin shiga. A Ingila rukuni huɗu ne: wanda ake bin sa a guje da ƙafa, mai tafiya kan gangar ƙarfe yana jan kujerar direba, mai taya wanda ake zama a kansa, sai mai kama da ƙaramin tarakta da bonet a gaba. Kuma dole ya kasance tun asali an ƙera shi an sayar don yankan ciyawar gida. Amurka kuma nata rabon daban, daga wanda ba a taɓa komai ba sai cire wuƙa har zuwa wanda aka sake masa kusan komai. Girman inji, faɗin tayoyi, abin da za a yanke a jikin firam, duk an rubuta. Ka nemi littafin dokar ƙungiyar da za ka yi tsere a ƙarƙashinta, ka zaɓi rukuni, sannan ka shiga kasuwa.

Wajen sayen kuma, ka guji mai giyar da ke aiki da matsin mai, wadda ba a canja mata giya sai dai a taka feda. Tana da daɗi wajen aske ciyawa, amma da ka matsa mata sai man ya yi zafi ta rasa ƙarfi. Nemi mai giyar hannu.

Cire gwamna

Wannan shi ne babba, kuma shi sabon shiga ke fara kai wa hannu. Duk wanda ya taɓa kai janareto wajen gyara ya san gwamna: ita ce ke riƙe injin kada ya wuce wani juyi. A janareton gidajenmu tana tsayar da shi wajen juyi 3000 a minti don wutar ta daidaita. A injin yankan ciyawa irin na kamfanin Briggs & Stratton ko Kohler, iyakarta ba ta cika wuce 3600 ba. Sai mutum ya zare sifirin ɗinta, ko ya ɗaura waya kai tsaye daga totur zuwa kafireto, ya ji injin ya yi ƙara kamar zai tashi sama, ya ce shi ke nan an samu gudu.

Abin da bai gani ba yana ƙarƙashin murfi. A saman injin akwai faifan ƙarfe mai nauyi, filawil, wanda narka ƙarfe aka yi aka zuba shi, kuma irin wannan ƙarfen ba ya lanƙwasa, tarwatsewa yake yi. Ƙarfin da ke neman yaga faifan yana ƙaruwa ne ninki a kan ninki: in juyi ya ninka sau biyu, ƙarfin ya ninka sau huɗu. Ranar da ya fashe, gutsattsarinsa za su keta murfin kwanon nan kamar takarda, alhali ƙafafun direba suna gefensa, 'yan kallo kuma suna bakin fili. Ko filawil ɗin bai fashe ba, kwanrod na asali, wato sandar da ke haɗa fistin da karanshaf, kan karye ya huda bulok, wato gangar jikin injin. Sannan wanda ya cire hannun gwamna ta waje ya bar ƙaramar giyarta a ciki, ita ma za ta iya wargajewa ta watsu cikin baƙin mai.

Gyaran iri biyu ne. Ko dai ka bar gwamna yadda take, wanda shi nake ba duk mai shekarar farko shawara, ko kuma in rukuninka ya yarda a cire, ka yi aikin cikakke: filawil na alminiyam da aka sassaƙa daga dunƙule guda don tsere, kwanrod irinsa, sifirin ɗin bawul masu ƙarfi, a buɗe injin a fitar da kayan gwamnar gaba ɗaya a toshe ramin. In kuɗinka bai kai nan ba, to bai kai cire gwamna ba.

Gudun ma ba a can yake ba. Yana wajen fuli, kamar dai yadda mai injin markaɗe ya sani. A ce fulin injin inci 4 ne, na giya inci 8, injin yana tafiyar kilomita 9 a awa. Ka juya su, 8 a gaba, 4 a baya, gudu ya ninka sau huɗu, ya koma 36, ba tare da ka ƙara wa injin juyi ba. Sai dai akwai bashin da za ka biya: ƙarfin ja ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, don haka fita daga kwana zai yi nawa, giyar kuma da take karɓar juyi 1800 yanzu 7200 take sha. Giyar asali da giris take aiki, a kan bushi, ba za ta daɗe a haka ba. Shi ya sa masu tsere da yawa a Amurka ke komawa ga akwatin giya na Peerless 700, su ja sarƙa daga shi zuwa aksul na baya. Ka ƙara girman fuli kaɗan-kaɗan kana gwadawa. A fili mai yawan kwana, wanda ya fi kowa gudu a miƙe ba lallai shi ke cin tsere ba. Kada kuma ka jefar da 'yan ƙarafan da ke tare bel a kan fuli, don da ka taka kuloci bel ɗin zai saki ya zame.

Burki da sitiyari: abin da ake bari sai ƙarshe

Koma kan lissafin nan. Gudu ya ninka sau huɗu, aikin da burki zai yi ya ninka sau goma sha shida. Burkin asali kuwa ɗan faifai ne da bai kai tafin hannu ba, a maƙale jikin giya. Kuma ga wani abu da mutane ba sa lura: tunda ta cikin giya yake kama tayoyi, in sarƙa ta tsinke ko wani haƙori ya karye a ciki, burki ya tafi tare da shi. Ka sa faifan burki mai aiki da mai a kan aksul ɗin kansa, irin na babur ko na ƙananan motocin tsere. A ganina wannan ne aikin farko a garejin, tun kafin a sayi fuli.

Gaban injin ma haka. Aksul na gaba yana lilo a tsakiya don ya bi tudu da kwarin lambu. A guje, wannan lilon ne ke kifar da mutum a kwana, don haka ake ɗaure shi ko a walde shi ya tsaya cak. Sitiyarin asali kuma, mai giyar haƙora, yana da sako-sako tun yana sabo. Ka kama shi ka girgiza a tsaye: in ya motsa taya ba ta motsa ba, a guje za ka ga gaban yana rawa, kai kana nan, injin yana can. A sake shi da sanduna masu haɗin ƙwallo marasa wasa, a ɗan kwantar da sandar da tayar gaba ke juyawa a kanta zuwa baya don sitiyari ya riƙa komawa tsakiya da kansa, a cire bushin roba na tayoyi a sa boris.

Sai tsayi. Kujerar injin yankan ciyawa a sama take, direba kuwa nauyinsa babban kaso ne na nauyin duka. A saukar da kujera da firam iyakar yadda doka ta bari. Tuƙin ma da jiki ake yi, ana karkata zuwa cikin kwana. Wanda ya zauna ƙyam kamar mai jiran shayi, zai ga tayoyin ciki sun rabu da ƙasa.

Ƙananan abubuwa masu mayar da mutum gida

Igiyar kashe inji. Ana ɗaura ta a jikin direba, in ya faɗo ta fizge ta kashe wuta. Kuskuren shi ne a bar ta da tsawo har mutum ya faɗi ba ta ciru ba, ko a ɗaura ta a sitiyari don kada ta dami hannu. Ka gwada ta kowace safiyar tsere: tada injin, sauka, ka ga ko ya mutu.

Totur na asali lever ce da ke tsayawa inda aka ajiye ta. A tsere ana son wadda in an saki take komawa da kanta, kuma da sifirin biyu, in ɗaya ya tsinke ɗayan ya rufe kafireto. Batir a ɗaure shi da ƙarfe, ba da tsohuwar roba ba. Hular kwano mai rufe haɓa, safar hannu, takalmi mai rufe idon sawu, riga mai dogon hannu, ba sai an yi dogon bayani ba.

Akwai kuma mai kallon Mean Mower, injin yankan ciyawa na kamfanin Honda, wanda a 2019 ya tashi daga tsaye ya kai mil 100 a awa cikin daƙiƙa 6.29 a Jamus, ya ce shi ma injin babur zai ɗora. Wancan na talla ne da kafa tarihi, da injin babur CBR1000RR da firam ɗin da aka ƙera masa musamman, kan kwalta mai santsi. Ba shi da alaƙa da abin da ake yi a filin ciyawa.

In kana son sanin abin da ke kashe injuna da gaske, dubi tseren awa 12 na Ingila, wanda aka fara a 1978, har shahararrun direbobin tseren mota Stirling Moss da Derek Bell suna cikin waɗanda suka ci na farko. Direbobi uku ke karɓa-karɓa kan inji ɗaya daga dare zuwa safiya. Abin da ke tsayar da mutane galibi ba rashin gudu ba ne. Girgiza ce ke kwance noti, ƙura ta toshe matatar iska, ciyawa da laka su cike tsakanin haƙarƙarin silinda har injin ya ƙone, tunda iska ce kawai ke sanyaya shi. Don haka a yi amfani da noti mai kulle kansa ko maganin kulle zare, a ɗiga fenti a kan kowane noti mai muhimmanci yadda da kallo ɗaya za a gane ya motsa. A duba baƙin mai bayan kowane zagaye na gwaji, domin yawancin ƙananan injunan nan watsa mai suke yi ba famfo ba, kuma doguwar kwana kan tura man gefe guda. Ba a fafe gora ranar tafiya: ka yi wa injin gwajin awa guda cur mako ɗaya kafin tsere, ka bar shi ya huce, ka bi kowane noti da sifana. A akwatin kayan aikinka kuma kada a rasa bel biyu, filogi, mahaɗin sarƙa da matatar iska ta canji.